Wayar da Ta Wuce Saman Gonarmu: Tarihin Wutar Lantarki a Nijar da Abin da Ke Tafe

Makon jiya ina cikin darasin kimiyya a ajin CM2, muna maganar inda wutar lantarki ke fitowa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ai ƴan China ne suka ƙirƙiro sola ko?" Na tambaye ta dalili, ta ce duk farantin da mahaifinta ke sayarwa a kasuwa, rubutun China ne a jikin kwalinsa. Ban yi mata dariya ba, domin da iyayen yaran nan za a yi wa tambayar, kai har da mu malamai, da yawanmu amsar da za mu bayar ke nan. Na ce ta zauna, gobe zan ba su labarin wata lakwal kusa da Yamai da ta yi karatu da wutar rana tun kakanta yana saurayi. Da na koma gida na zauna haɗa labarin, sai na ga ya fi ƙarfin darasi ɗaya, kuma manya sun fi yara buƙatar jin sa. Shi ya sa na kawo shi nan, ƴan uwana malamai da iyaye.

Bari in fara da kaina. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Tasawa, kuma duk karatuna na firamare da fitilar ƙwai na yi shi. Ita ma ɗaya ce a gidan, sai mahaifinmu ya gama da ita sannan ta zo hannunmu. In kananzir ya ƙare, sai mu lallaɓa wurin almajirai mu raɓi wutar kararsu, su da allo mu da kaye. Wajen 1994, ina shirin jarabawar sartifika, sai ga ma'aikata da manyan motoci suna kafa turakun ƙarfe a cikin gonaki, ɗaya ma a gefen gonarmu ya faɗa. Ita ce wayar da ta taso daga Katsina ta shigo ta Gazawa, daga nan ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Murna wurinmu ba a magana. Wani ƙanen mahaifina har ƙwan lantarki ya sayo ran kasuwa, ya naɗe shi cikin tsumma ya ajiye a adaka. Aka gama aiki, waya ta ɗauki wuta, da damina in ka tsaya ƙarƙashinta kana jin tana ƙugi kamar amyar zuma, amma ko ɗis bai sauko mana ba.

Sai da na shiga makarantar horon malamai na gane dalili. Wutar da ke cikin wayar nan ƙarfinta bolt dubu 132 ne, alhali ƙwan ɗaki bolt 220 yake so. Ana ɗaga ƙarfin ne don wutar ta yi tafiya mai nisa ba tare da ta zube a hanya ba, kuma kafin a shigar da ita gari sai an gina tashar da za ta sauke ƙarfin mataki-mataki. Kuɗin tashar nan kuwa, ƙauye mai gida ɗari biyu wanda ba abin da zai kunna sai ƙwai da rediyo ba zai mayar da su ba ko a shekara talatin. Lissafi ne ya tsallake mu. Na faɗi wannan tun farko domin duk tarihin da zan kawo, wannan lissafin ne ke juya shi.

Wutar lantarki ta hukuma ba ta daɗe a ƙasar nan ba. A 1952 ne aka damƙa wa kamfanin Energie AOF aikin wutar Yamai, shekara saba'in bayan birnin New York ya sami tasharsa ta farko a 1882. Injunan gazuwal ne, kuma ofisoshi da gidajen Nasara da gidan likita suka fara sha. Sauran manyan garuruwa suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowane da injinsa, ba waya tsakaninsu. Bayan ƴancin kai kamfanin ya koma SAFELEC, sannan a ranar 7 ga Satumba 1968, zamanin Diori Hamani, aka kafa NIGELEC. Wahalar wancan lokaci a bayyane take: ƙasa ce ba teku, man da injin zai sha sai ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu daga Kotonu kafin ya iso Yamai. Wuta ta zama kayan masu albashi.

A cikin wannan shekara ta 1968 ne kuma Najeriya ta gama madatsar ruwan Kainji a kan kogin Kwara, aikin da aka fara a 1964, wanda ya haɗiye tsohon garin Busa. Injuna takwas aka sa, masu ba da megawat 760, a lokacin da duk buƙatar Nijar ba ta kai ko kusa da kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ga maƙwabci da wuta mai yawa mai araha, ga mu muna ƙona gazuwal mai tsada, to me ake jira? A 1976 aka kunna wayar da ta taso daga Birnin Kabi ta bi ta Dosso ta shiga Yamai. Ta Katsina da Gazawa ta biyo baya, Difa kuma ta sami tata ƙarama daga Damasak. Najeriya ma ba sadaka ta yi ba. Kogin nan sai ya ratsa ƙasarmu wajen kilomita 550 kafin ya isa Kainji, kuma jami'an Najeriya sun sha faɗa a fili cewa suna ba mu wuta ne don kada mu tare ruwan daga sama. Ni dai ban ga laifin waɗanda suka ƙulla wannan ciniki ba. Da ni ne a kujerarsu, da baitulmali irin na lokacin, da abin da zan yi ke nan. Inda laifi ya shigo shi ne da aka kwanta a kansa shekara arba'in da ƴan kai, aka mai da mafaka ta zama gida.

Wani abin da ya biyo bayan wannan, wanda ba kowa ya lura da shi ba: tunda kowane yanki daga kudu ya jawo wayarsa, sai ƙasar ta tashi da tsarin wuta rarrabe. Yankin kogi daban, yankin Maraɗi da Damagaram da Tawa daban, Difa daban, arewa daban. Kowane ya fi kusa da Najeriya a kan ɗan uwansa. Wato ko an sami rarar wuta a Yamai, ba hanyar da za ta bi ta zo Maraɗi. Akwai shirin haɗa yankin kogi da namu, kuma a ganina yana cikin ayyukan da suka fi kowane muhimmanci, ko da yake ba shi da farin jini wurin masu jawabi.

Arewa kuwa labarinta daban ne. SOMAIR ta fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo a Akokan a 1978, kuma ma'adinai na cin wuta ƙwarai. Sai aka kafa SONICHAR a 1975 don haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin, aka gina injuna biyu, kowane megawat 18.8, suka fara aiki a 1981 da 1982. Ita ce babbar tasharmu ta farko da ke cin abin da ƙasarmu ta haifa. Amma don ma'adinai aka gina ta, Agadas da Arlit da Cirozerin suka sami abin da ya saura. Yuraniyom ɗin kuma ya tafi Faransa, inda wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarsu daga nukiliya yake fitowa, a nan gida kuwa har farkon shekarun 2020 mutum ɗaya cikin biyar ne, ko ƙasa da haka, ke da lantarki. Wannan kowa ya san shi, an kuma faɗe shi har an gaji, don haka ba zan tsaya a kai ba.

Inda nake so in tsaya shi ne abu na uku da ya faru a 1968, wanda ya shafe mu malamai kai tsaye. Tun 1964 Nijar ta fara gwajin koyarwa ta talabijin. Malamai ƙwararru sun yi ƙaranci, sai aka ce bari a shirya darasi a Yamai a watsa shi, a aji kuma a sa mai kula da yara, wanda sau da yawa sartifika kaɗai gare shi, ya bi da su. To amma akwatin talabijin a ƙauye da me zai yi aiki? Da manyan batura aka fara, masu tsada, in sun ƙare sai a yar a sayo wasu. A 1968 sai aka gwada ɗora farantin hasken rana mai wat 48 a wata lakwal kusa da Yamai, ya kuwa yi aiki, daga baya aka yaɗa shi zuwa makarantu da dama. Ku duba lokacin da kyau. A 1954 ne masana a Amurka suka ƙera ƙwayar farantin farko mai amfani, kuma shekarun da suka biyo baya kusan taurarin ɗan Adam kaɗai ke amfani da ita saboda tsada. Shekara goma sha huɗu kacal bayan haka, ga ta a kan rufin ajin firamare a Nijar. Littattafan tarihin makamashin rana na ambaton wannan a cikin gwaje-gwajen farko a Afirka. Ni kuwa na gama firamare da kwaleji da makarantar horon malamai ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ga kuma mutumin da sunansa ke bakinmu kullum saboda jami'ar Yamai, amma ka tambayi ɗalibi goma me ya yi, da wuya biyu su faɗa. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa a 1929. Ya bi ta William Ponty, makarantar horon malamai ta Senegal, ya wuce Faransa ya zama gwani a kimiyyar fiziks, ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai, ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike kan makamashin rana. Daga 1964 zuwa 1969 shi ya kafa ya kuma jagoranci ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ONERSOL, ofishin makamashin rana da Nijar ta kafa tun 1965, ya riƙe shi har 1985, a tsakani kuma ya shugabanci jami'a daga 1979. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Shi ne kuma ya rubuta littafin L'Éducation en Afrique a 1964, inda ya kare koyar da yara da harsunansu, maganar da har yau muke ta juyawa a tarurrukanmu.

A ONERSOL ba takarda kaɗai ake rubutawa ba, ƙira ake yi. Sun ƙera na'urar dafa ruwan wanka da rana, da murhun rana mai kama da babban faifai, da na'urar busar da kayan gona, da ta tace ruwa, har da injin da zafin rana ke juyawa, wanda suka yi tare da kamfanin Spilling na Jamus. Ƴan ƙasa ne ke yanka ƙarfen, suna walda, suna aunawa. Ba duka ne ya karɓu ba. Murhun rana, misali, yana so mace ta tsaya tsakar rana tsaka tana juya shi yana bin rana, alhali tuwo da yamma ake tuƙa shi, kuma a inuwa. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san inda wannan zai ƙare. Amma na'urar ruwan zafi ta hau rufin gidaje da ma'aikatu a Yamai ta yi aiki.

Me ya sa abin ya dushe? Wutar Kainji ta iso da araha. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin gwamnati suka ƙafe, aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, kuma a irin wannan hali bincike ne ake fara yanke wa abinci. Man fetur ma ya yi sauƙi a duniya a tsakiyar shekarun, masu ba da tallafi suka juya baya ga rana. Farantin lantarki kuwa a lokacin tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Talabijin ɗin makaranta ya tsaya, kayansa suka zama tushen Télé Sahel. ONERSOL ya sauya suna a 1998 ya koma CNES, ya ci gaba da numfashi dai. Injuna da gine-gine ana iya sake sayensu. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mutanen: masu walda da masu aunawa da masu gyara da aka horar, waɗanda suka tsufa ba su miƙa wa kowa ba.

Na ɗanɗani sakamakon wannan da kaina. Wajen 2010 ina darektan wata lakwal ta ƙauye, wata ƙungiya ta zo ta kafa mana faranti biyu da batir da ƙwai huɗu. Allah ya saka musu, domin shekarar nan ƴan CM2 suna dawowa bayan lisha mu yi bita, mata kuma suka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ɗaya ɗakin. Sai mutanen gari suka gano ana iya cajin salula a wurin. Wa zai hana maigari? Wa zai hana liman? Kullum batir sai an tatse shi ƙaf kafin dare ya raba, alhali irin wannan batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa. Da ruwansa ya ja baya, mai gadi ya ƙara masa na rijiya, da kyakkyawar niyya, ni kuma ina tsaye ina kallo ban hana ba, don ban san tataccen ruwa kaɗai yake sha ba. Ni da na zana wa yara hoton batir da waya da ƙwai a allo sau ba adadi! Bai cika shekara biyu ba ya mutu. Ba asusun sayen wani, ba mai gyara sai an yi tafiyar yini, masu kafawa kuma aikinsu ya ƙare sun tafi. Farantan lafiyarsu lau, irinsu na shekara ashirin da biyar suna aiki, amma har na bar garin suna sama suna shan ƙura. Daga baya da na karanta cewa ONERSOL na ƙera na'urar tace ruwa da zafin rana, irin ruwan nan da batirinmu ya rasa, sai na ajiye littafin na yi shiru.

A ɓangaren manyan tashoshi, an ɗan motsa a shekarun baya. A 2017 aka buɗe tashar Gorou Banda a Yamai mai megawat 80, amma mai take sha. A 2018 aka buɗe ta hasken rana a Malbaza mai megawat 7, da bashin Indiya. Sai ga 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta rufe wayoyin, a lokacin kuwa wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da ake rabawa daga can take zuwa. Ba siyasar abin na zo yi ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da ido ya gani dai shi ne tela da mai walda da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara sun zauna, yara sun koma karatu da hasken salula, a manyan birane ana raba wuta unguwa-unguwa. Tashar rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da faranti fiye da dubu 55, wadda Faransa da Tarayyar Turai suka ba da kuɗinta, ta fara aiki a ƙarshen shekarar ta rage wa Yamai zafi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, wuta ta dawo bayan haka. Amma watannin nan sun koya wa kowa cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma tun daga lokacin kasuwar faranti ta buɗe yadda ba a taɓa gani ba.

To me ya sauya tsakanin zamanin Abdou Moumouni da yau? Farashi ne da farko. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin faranti a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari, yawanci saboda masana'antun China, don haka ɗalibata ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Ƙwayar 1954 kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta take mayarwa lantarki, na yau sun wuce kashi 20, kuma faranti ɗaya na kasuwa ya ninka na lakwal ɗin 1968 sau takwas ko goma. Ƙwan LED mai wat 7 na ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. Sai batirin litiyom, wanda ba ya shan ruwa, ana iya tatsarsa sosai, ya kuma fi daɗewa, shi ma kuɗinsa na ta sauka. In aka haɗa waɗannan, lissafin nan da ya tsallake ƙauyenmu ya juye. Gari na iya samun ƙaramar tasharsa, faranti da batura da waya ta zagaye unguwanni, kowane gida da kwantar da ake sa wa kuɗi tukuna, ba sai an jira babbar waya ta sauko ba. A kan irin wannan ne hukumar ANPER, da aka kafa a 2013 don wutar karkara, take aiki, haka ma shirin Haske da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021. Masu lambu ma ba su jira kowa ba, famfon sola na ta maye gurbin injin fetur a fadamu.

Sai dai kada daɗi ya kwashe mu. Faranti haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake, don haka a watan Afrilu da muka fi buƙatarsa ba ya ba da abin da aka rubuta a jikinsa. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kai, sai an share. Batir ma zafi na gajarta masa kwana. Kasuwa kuma ta cika da kayan da lambar jikinsu ta fi aikinsu, mai saye ba shi da abin aunawa. Ga wata magana ta musamman ga iyaye: mataccen batir mai ruwa dalma ce a cikinsa, dalma kuwa guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama da wuri ba. Kada a bar shi a tsakar gida, kada a bar yara su fasa shi. Babbar matsalar kuma ita ce ta magariba: lokacin da rana ta faɗi shi ne lokacin da kowa ke kunna ƙwai da fanka da talabijin. Gida ɗaya batir na iya riƙe shi. Birni kamar Maraɗi, da masana'antu da gidajen likita, yana son wani abu mai ƙarfi a bayan rana.

Nan ne manyan ayyukan da muke ji a rediyo ke shigowa. Madatsar Kandaji, wajen kilomita 180 arewa maso yamma da Yamai, tun shekarun 1970 ake maganarta. Tandja Mamadou ya aza tubalinta a 2008, aka ba kamfanin Rasha aikin aka karɓe a 2013, aka sake tayar da shi da kamfanin Gezhouba na China a 2019, ya sake tsayawa a 2023. Megawat 130 ake sa rai, kuma amfaninta shi ne ruwa na jira: a bar rana ta yi aiki da yini, a saki ruwa da dare. Amma kogi na ja baya daidai lokacin bazara, manyanmu na Yamai sun tuna 1985 da ya daina gudu gaba ɗaya, ga kuma dubban mutanen da za a tayar daga gidajensu. Gawayin Salkadamna a jihar Tawa an aza tubalinsa a 2014, masu ba da bashi na duniya kuwa sun daina son gawayi. A 2022 an sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan tashar iska a Tarka mai iya kai megawat 250, a shekarar ce kuma aka ƙaddamar da babbar waya mai bolt dubu 330 da za ta haɗa Birnin Kabi da Yamai da Wagadugu da arewacin Benin. Wannan waya ba na ƙin ta duk da abin da ya faru, domin waya hanya ce, ana shiga da ita ana fita, ranar da muke da rarar wutar rana ta nan za mu sayar. A Yulin 2025 kuma aka sa hannu da Rosatom na Rasha kan haɗin gwiwar nukiliya. Na fahimci abin da ke jan zuciya a nan, mai yuraniyom ya ga haskensa. Amma tukunyar nukiliya irin ta yau da kullum megawat dubu ce ko fiye, buƙatar ƙasarmu duka ƴan ɗaruruwa ce, tana son ruwa mai yawa, ginin kuma na cin shekara goma ko fiye. Ana maganar ƙanana, sai dai har yanzu ƴan kaɗan ne ke aiki a duniya. In ma an yi, waɗanda ke zaune a CM2 yau su ne za su kai shekarun riƙe ta.

Kowanne daga cikin waɗannan aka ɗauka, hannu yake nema. Mu kuwa, mu faɗi gaskiya, yaron da muka ga ya gaza shi muke turawa koyon sana'a, mai ƙoƙari kuma mu ce sai ofis. Na sha zama da uba yana ɓata rai don an ba ɗansa makarantar fasaha, kamar an zage shi. Alhali ga Lycée Technique Dan Kassawa nan a Maraɗi, ga cibiyoyin koyon sana'a a kwaminoni, ga EMIG a Yamai mai fitar da injiniyoyi. Wani tsohon ɗalibina da ya sha bulalar lissafi a hannuna, yau shi ke kafa faranti da famfo a ƙauyuka, yana da yara uku a ƙarƙashinsa, kuma abin da yake samu a wata ban kai shi ba. Shi ne ma ya koya mini yadda ake auna batir. Mu malamai kuma da sauranmu: darasin lantarki ba zai yiwu da alli kaɗai ba. Washegarin tambayar nan na aro ƙaramin faranti da ƙwai da abin aunawa, muka fita fili. Muka auna, muka barbaɗa masa ƙasa muka sake aunawa, muka sa wani yaro ya rufe kusurwa ɗaya da hularsa, suka ga lamba ta faɗi da idonsu. Na ba su labarin 1968 da na ɗan Tasawa. Yarinyar ta ce za ta gaya wa babanta ya daina jingine faranti a ƙasa yana shan ƙura a gaban shago.

Hutun da ya wuce na je gida. Turken nan na gefen gonarmu yana nan, wayar na ƙuginta, har yanzu ba ta sauko ba. Amma daga gindinsa na ƙirga rufi goma sha ɗaya masu faranti, har da na masallaci da na mai cajin salula. Ƙanen mahaifina ya tsufa, jikansa ya sa masa ƙwan LED a ɗaki da ƙaramin batir. Na tambaye shi ƙwan nan na 1994, ya sa aka buɗe adaka aka ɗauko shi cikin tsummansa, zarensa bai tsinke ba. Mai wat 60 ne, na bolt 220, batirin ɗakin ba zai iya kunna shi ba. Ya ce a mayar masa da abinsa.